Mutanen Baya, Ku Dubi Fadama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da sanyin safiyar Laraba, sha takwas ga watan Disamba na shekarar 1957, Allah Ya karɓi ran Halliru Direba na Goronyo a gidan mai masaukinsa da ke Sakkwato, muna kan hanyar komowa daga Yawuri. An sallace shi a Goronyo bayan La'asar a ranar. Ya bar matarsa Inna Sabuwa da 'ya'ya da jikoki. Babbar 'yarsa, Turai, ita ce matata.

Duk wanda ya san al'adar ƙasarmu zai gane nauyin da na ji kafin in rubuta sunan nan da ke sama. Surukina ne, kuma a wurinmu mutum ba ya ambaton sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya zama kusa da shi. Tun da na auri 'yarsa, wannan ne karo na biyu da sunansa ya fito daga gare ni. Na farkon zan faɗe shi in na zo wurin. A zaman makoki mutane suka yi ta miƙo mini hannu suna cewa ba su taɓa ganin suruki mai kunya irin Malam Zayyanu ba. Kowa ya faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san abin da kunyar nan ta jawo, su ba su sani ba.

Baba, ka yi mini aikin gafara. Yau zan yi maka magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

Kafin ka zama surukina abokina ne kai, ko da yake ka girme ni nesa ba kusa ba. Na fara ganin ka a Achida, shekarar da aka turo ni Wurno koyarwa a makarantar elementare. Ina tsaye a bakin hanya da akwatina na ƙarfe, ban san kowa ba a ƙasar. Kai kuma ba ka daɗe da dawowa daga yaƙin duniya ba, can Bama ta ƙetaren teku, inda ka koyi tuƙi, kana jan motar wani attajiri na Sakkwato, kana kwasar shinkafa da albasa da gyaɗa. Ka tsaya, ka ɗora akwatin a baya, ka sa ni a gaba. Da muka kai hawan nan da ke gab da Wurno sai ka kashe mota. Na ɗauka ta lalace ne, har na fara lissafin yadda zan ɗauki akwati a ka.

Ka ce, "Hito ka gani, malam."

Na fito. Fadamar Rima ce shimfiɗe a ƙasanmu har inda ido ya tsaya. Gulbi ya ja baya ya bar tafkuna nan da can, shinkafa ta nuna, shanun Fulani sun bazu a gefe da balbelu a bayansu, masunta biyu suna tura kwalekwale da gora. Ka bar ni na kalla har na ƙoshi, sannan ka ce, "Garin da za ka zamna ke nan. Gara ka gan shi da kyawonshi tun yau, kahin mutanenshi su ɓata maka rai." Mutanen Wurno ba su ɓata mini rai ba, amma tun daga ranar ban taɓa wuce hawan nan ban duba ba.

Na ukunmu shi ne Mode, dillalin albasa na Rabah, mutum mai jiki da yawan dariya, wanda bai taɓa yarda an kai shi ƙarshe a gardama ba. Gaban motar mutum uku yake ɗauka. Kai a wurin tuƙi, Mode a bakin taga saboda ya ce cikinsa na son iska, ni a tsakiya, gwiwata tana gugar taka duk sanda ka canza giya. Ka hana ni ce maka Yaya, ka hana ni ce maka Malam. Ka ce a cikin mota sunan da aka raɗa maka shi kake so ka ji. Kowace shekara, in ruwa ya ɗauke, hanya ta buɗe, makaranta ta yi hutu, sai ka nemi lodi mai nisa don kawai mu uku mu tafi.

Sauran direbobi suna alfahari da saurin isa. Kai kana alfahari da wuraren tsayawa. Ka san inda za a kashe mota a bayan Gusau a ga Dutsen Kwatarkwashi ya cika rabin sama, ka san kuma da hantsi ya fi kyau, lokacin da inuwarsa ta janye daga gonakin da ke gindinsa. Ka san inda za a tsaya a Talata Mafara a sha fura mai sanyi, da inda rake ya fi zaƙi kafin Zariya. Shekarar da ka kai mu Jos, hanya ta yi ta hawa tana laƙwasa tsakanin duwatsu da aka jera kamar da hannu, sanyi ya kama Mode har ya zazzage albasa daga buhu ya huda gindin buhun ya sa a jikinsa. Haka ya shiga gari, yana gaida mutane da mutunci, warin albasa na bin sa. Ka yi dariya har ka kasa riƙe sitiyari, dole muka tsaya. Wata shekarar muka yi kudu, muka wuce Kontagora har gadar Jaba, wadda jirgin ƙasa da mota suke bi ta kanta. Mode ya rufe ido tun daga wannan bakin har wancan yana salati, da muka sauka kuwa ya ce shi bai ga wani abin tsoro ba. Ka ce, "Gaskiya ne, Mode, ba ka ga komi ba."

Ko a shingen ruwa, inda ma'aikatan hanya ke tsare motoci bayan ruwan sama har ƙasa ta bushe, ba ka fushi kamar sauran. Su suna zage-zage, kai kana shimfiɗa tabarma a gindin mota, ka fito da akushi, mu uku mu sa hannu. Ka kan ce ai an ba mu wuri ne mu duba, mu duba.

Alherinka a hanya ba sai na tsawaita ba, mutanen ƙauyukan nan sun fi ni sani. In garken shanu zai tsallaka a wajen Giyawa, kashe mota kake yi gaba ɗaya don kada ƙararta ta watsa wa makiyayi dabbobi, ka jira har maraƙi na ƙarshe ya wuce. Tsofaffin mata masu ƙwaryar nono sun san ƙarar motarka, ba su ma ɗaga hannu, tsayawa kawai suke yi. Akwai ranar da muka tarar da mutanen Lahodu sun ɗauko wani manomi a kan jaki, maciji ya sare shi. Ka sauke kayan mutane a bakin hanya, ka bar Mode yana gadi, ka juya da shi zuwa Sakkwato. Mai motar ya yi maka faɗa sosai a kan wannan. Manomin yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Ni ma na ci alherin nan. Da matata ta fari, Mairo, ta rasu wajen haihuwa, abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba, na zauna a ɗaki na daina fita sai makaranta. Ka zo ba ka yi mini wa'azi ba. Ka ce kana neman wanda zai raka ka Goronyo, ka ɗauke ni ka ajiye a zaurenka har hutu ya ƙare. A can na san Turai. Ita ma mijinta ya rasu, ta dawo gida da ɗanta ƙarami. Ita ke kawo mana fura. Magana ta fara da sannu da aiki, ta kai inda ta kai. Da na tabbata tana so kamar yadda nake so, na rasa bakin da zan tunkare ka da shi, sai na aiki Mode.

Mode ya dawo yana murmushi, amma ba irin dariyarsa ta kullum ba. Ya ce ka ce, "In tana so, na ba shi, ba ni da wanda yaf fi shi. Amma ka hwaɗa mashi ya yi min ɓarna biyu. Ya ɗauke min ɗiya, ya ɗauke min aboki." Na yi dariya da na ji. Na ɗauka irin zolayarka ce.

Tafiyar farko bayan ɗaurin aure ita ta nuna mini ba zolaya ba ce. Ka iso tashar Wurno, na hango ka daga nesa, ƙafata da kanta ta tsaya. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na ce, "Baba, an tashi lafiya?" Ka amsa kana kallon wani gefe, kamar yadda ya kamata. Ba wanda ya ce mini in hau baya, amma ba yadda za a yi suruki ya zauna gwiwa da gwiwa da uban matarsa. Na kama ƙarfe na haye kan buhuna. Da aka tsaya cin abinci, na ɗauki rabona na zagaya bayan taya na juya baya. Wurina na tsakiya kuwa ka ajiye butar alwala a kai. Mode da duk jikinsa bai taɓa matsawa ya ci wurin ba, kuma ko fasinja ya roƙa, ka kan ce da mai shi.

A tafiyar nan ka ƙirƙiro dabararka. Muna isa Kwatarkwashi ka kashe mota kamar kullum, na ji ka ɗaga murya yadda ko kurma zai ji, ka ce, "Mode, hwaɗa ma mutanen baya su dubi dutsi." Ni kaɗai ne a bayan, ni da albasa. Mode ya turo kansa ta taga, ya gyara murya kamar sanƙira, ya ce, "Mutanen baya, an ce ku dubi dutsi." Na ce, "Ka ce an gani, an gode." Ya mayar da kai ciki ya isar da saƙo da ladabi, alhali tsakanina da kai katako ɗaya ne. Muka yi ta yin haka shekara da shekaru. Duk inda akwai abin gani, mutanen baya za su samu saƙo: su dubi gulbi, su dubi giginyu, su dubi barewa ta gitta. In an sayi rake, sai a jefo wa mutanen baya mafi kauri. Abin ya zama wasa, mutane suna ba da labarinmu a tasha suna dariya. Ni ma ina dariya. Sai yanzu nake ganin kai neman hanya kake yi, ni kuwa ina jin daɗin katangar.

Dole in faɗi wannan, don shi ne gaskiya. Al'adar ba ta tilasta mini in kai inda na kai ba. Surukai da yawa, in shekaru sun ja, an haifi jikoki, sukan sassauta, su zauna a tabarma ɗaya ko da ba su ci tare ba. Turai ma ta taɓa ce mini, "Ubana ne, na ji, amma ni ban ce ka guje shi haka ba. In kun dawo tahiya ba ya labarin kowa sai naka." Na ce mata ita mace ce, ba ta san zancen maza ba. Abin da ban gaya mata ba, ina son yabon. Ni ɗan boko ne, mutanen gari suna zargin irinmu da watsar da al'ada, sai ga shi ana nuna ni ana cewa ku ga malamin makaranta da ya fi kowa kunya. Maganar tana yi mini daɗi ƙwarai.

Da damina ta bana ciwo ya kama ka. Tari ya ƙi tafiya, ƙafafu suka kumbura, ka rame har rigarka ta yi maka yawa. Ka bar wa Yari motar, wanda kai ka koya masa tuƙi. Da hutu ya zo sai ka aiko cewa kana son ka sake ganin kogin Kwara a Yawuri sau ɗaya tak, da mu. Inna Sabuwa ta hana, ka ƙi hanuwa. Kowa ya ga jikinka ya san dalilin tafiyar, har da ni.

Ranar kasuwa kuka iso Wurno, tasha cike. Yari na tuƙi, kana kusa da shi, Mode a taga. Na tuɓe takalma na durƙusa kamar kullum. Sai na ga Mode ya buɗe ƙofa ya sauko, ya nufi bayan mota yana tattare riga zai hau, mutumin da bai taɓa hawa baya ba a rayuwarsa. Ka matsa ka bar wuri. Ka dube ni cikin ido, abin da ba ka yi ba tun ɗaurin aure, ka ce, "Zayyanu, zo ka zamna nan. Na gaji da aike."

Jama'ar tasha duk suka juyo. Limamin unguwarmu yana tsaye, dattijan gari suna nan, iyayen yaran da nake koyarwa suna nan. Na san abin da ka roƙa, na san abin da ya ci maka kafin ka furta sunana a gaban jama'a, kai da ya kamata a ji kunyarka. Kai ka ajiye taka kunyar a ƙasa. Ni na kasa. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Allah shi ba Baba lahiya," na miƙe na kama ƙarfe na haye baya. Na ji wani dattijo ya ce, "Kun ga ɗan mutunci." Kuma Allah Ya sani, a daidai lokacin na ji daɗin maganar. Mode ya tsaya yana duba na, sannan ya koma gaba. Ba ka sake kira ba.

Na ce wa kaina zan gyara in mun fita daga idon mutane. A Sakkwato na ce sai Tambuwal. A Tambuwal na ce sai Jega. Kowace tasha akwai wani da ya san mu, ko kuwa ni ke neman wanda ya san mu. Har muka isa Yawuri. Mode da Yari suka riƙe ka suka zaunar da kai a bakin ruwa, inda Kwara ya buɗe da tsibirai a tsakiya, jiragen fito suna kai da kawowa, mata suna shanya kifi a kan yashi. A nan ba wanda ya san ni. Akwai wuri a tabarmarka. Na tsaya can gindin wata bishiya ina juya hula a hannu. Ka daɗe kana kallon ruwa, sannan na ji ka ce, da muryar da ba ta kai ta da ba, "Mode, hwaɗa ma mutanen baya ruwan bana ya hi na bara." Mode bai isar ba. Ya dai juyo ya dube ni. Na ce an gani, an gode. Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da kai.

A hanyar dawowa jiki ya tsananta tun daga Jega. Muka sauka a Sakkwato da niyyar kai ka asibiti da safe. Bayan sallar Asuba ka cika, kanka a cinyar Mode, shi ya laƙƙana maka kalmar shahada. Ni ina zaure, don suruki ba ya shiga ɗakin da surukinsa ke kwance.

Aka naɗe ka a bargo da tabarma, aka shimfiɗa ka a bayan mota don a kai ka gida. Yari, da kyakkyawar niyya, ya buɗe mini ƙofar gaba ya ce, "Malam, shigo, akwai wuri yanzu." Na hau baya, inda na saba. Hanyar Achida tana da gargada, motar tana ta jijjiga ka, sai na matso na ɗora kanka a kan ƙafata na riƙe. Tun da na auri Turai ban taɓa ka ba sai ranar. Ashe ba ka da nauyi ko kaɗan.

Da muka kai hawan Wurno, Yari ya kashe mota. Ba wanda ya ce ya yi, hannunsa ne ya saba, don haka ka koya masa. Can sai na ga kan Mode ya fito ta taga, fuskarsa jiƙe, ya yi ƙoƙarin gyara murya ya kasa, ya ce, "Mutanen baya, ku dubi hwadama."

Karo na farko ke nan da kalmar ta zama gaskiya, don mu biyu ne a bayan. Na duba. Na ce, "Halliru, ga hwadama. Ruwa ya janye, an hwara yankan shinkahwa. Shanu sun sauko. Ga masunta can, awa ranar da kak kawo ni." Na yi ta gaya maka abin da nake gani har Yari ya tayar da mota. Sunan bai ƙona mini baki ba, sama ba ta faɗo ba. Abin da na kasa ba ka a tasha, da a Tambuwal, da a bakin Kwara, ashe bai fi haka wuya ba, kuma na ba ka shi lokacin da ba ka ji.

Ba na zagin al'adar iyayenmu, kunya ado ce kuma addini ya yaba ta. Amma ina roƙon waɗanda suka yabe ni a zaman makoki su mayar da yabon inda ya dace. Mai kunyar gaskiya shi ne wanda aka ƙi roƙonsa a gaban jama'a, bai tozarta wanda ya ƙi ba, bai kai ƙararsa wurin 'yarsa ba, ya ci gaba da aika masa da labarin ruwa.

Inna Sabuwa, Allah Ya ba ki haƙurin rashin abokin zama, Ya raya abin da ya bari. Turai, ke kika gaya mini gaskiya na ƙi ji, ki yafe mini, Allah Ya sanyaya zuciyarki ke da ƙannenki. Mode, na gode da saƙonnin da ka ɗauka, da wanda ka ƙi ɗauka. Yari, ka riƙe tsayawar nan ta hawan Wurno. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangi na Goronyo da Rabah, da direbobin hanyar Sakkwato, da duk tsohuwar da za ta tsaya a bakin hanya da ƙwaryarta tana jiran ƙarar motar da ta sani.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Halliru, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya tsaya wa bayinKa a hanya, Ka tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani. Ka nuna masa ƙoramun Aljanna, shi da yake son kallon ruwa. Ka sa ya yafe mini. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, Ka zaunar da ni kusa da shi, gwiwa da gwiwa, ba ɗan aike a tsakani. Amin.

Zayyanu, Makarantar Elementare, Wurno.